Mutum Dubu Ɗari da Kasafin Kuɗi Bai Gani Ba

Akwai wani lissafi da ya ƙi fita a kudu maso yammacin Jihar Katsina.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa wani nazari a mujallar Lancet, wanda aka haɗo daga bincike 129 da aka yi a ƙasashe 39 da suka sha yaƙi. Sakamakon ya nuna cewa duk inda rikici ya yi kaka-gida, mutum ɗaya cikin biyar na ɗauke da wata lalura ta ƙwaƙwalwa, tun daga ciwon damuwa da fargaba da firgicin da ke biyo bayan tashin hankali, har zuwa taɓin hankali sosai. Ɗaya cikin 11 kuwa, ciwonsa ya wuce a ce masa "sai haƙuri" ya koma gida. Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, waɗanda ke tura wakili guda Majalisar Wakilai, sun haura mutum 500,000 tun a ƙidayar 2006. Yau sun fi haka nesa ba kusa ba, amma a bar shi a hakan. Kashi ɗaya cikin biyar ya ba da mutum 100,000. Masu buƙatar magani na sosai kuma sun kai 45,000.

Babu mai cewa yankin bai cancanci wannan ma'auni ba. A watan Yunin 2020 'yan bindiga suka faɗa Kadisau a Faskari suka kashe gomman mutane. A daren 11 ga Disambar wannan shekara aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara aka kora su daji da ƙafa, sai ranar 17 ga wata aka sako 344. A Fabrairun 2024 aka tare 'yan rakiyar amarya a Sabuwa aka tafi da gomman mata. A watan Yunin shekarar 'Yargoje ta kwana cikin jana'iza. Tsakanin waɗannan da suka shiga jarida akwai ɗaruruwan da ba su shiga ba: magidancin da ya sayar da gona da shanun huɗa ya biya kuɗin fansa, ƙauyen da aka ɗora wa haraji kafin a bar shi ya yi girbi, matan da ke kwana cikin dawa su dawo gida da asuba.

To, ina mutum 100,000 ɗin? Ba a ganin layinsu a ƙofar wani ɗakin duba masu lalurar ƙwaƙwalwa a Ƙanƙara ko Daudawa ko Damari. Ba a jin su a jawaban kasafin kuɗi, inda ake lissafo ajujuwa da rijiyoyin burtsatse da kilomitocin kwalta. Ko dai lissafin Hukumar Lafiya ya yi kure a nan, ko kuwa mutanen na wani wuri da ba a duba ba.

Amsar farko da za ka ji a majalisar dattawa ita ce lissafin ne ya yi kure. Mu Musulmi ne, muna da tawakkali, wannan ciwon na Turawa ne. Ba na raina wannan magana, domin imani da zumunci su ne suka riƙe mutanen nan da ba su zube gaba ɗaya ba. Amma mai tawakkali yana kamuwa da ciwon suga, yana kamuwa da hawan jini, kuma ba wanda ya ce imaninsa ne ya yi rauni. Sai mu saurari abin da mutane ke faɗa da bakinsu in sun zo gaban malamin asibiti. Mace ba ta cewa tana da ciwon damuwa. Cewa take kanta na sara, ƙirjinta na bugawa, ba ta iya barci, abinci ba ya shiga, in babur ya wuce sai jikinta ya ɗauki ɓari. 'Yar rakiya ta ƙara da cewa, "Tun da aka sako ta take haka, tunani ne ya yi mata yawa." Malamin asibiti, wanda ke da mutum hamsin a benci suna jira, ya auna jini, ya rubuta taifot ko olsa ko zazzaɓin cizon sauro, ya sa a yi ƙarin ruwa. Bayan mako uku ta dawo da kukan da ta zo da shi, ko ta wuce kyamis.

Wannan ba a ƙasar Hausa kaɗai yake faruwa ba. Wani bincike da aka buga a 1999, wanda aka yi a ƙananan asibitoci a ƙasashe 14, har da Ibadan, ya gano cewa kashi 69 cikin 100 na masu ciwon damuwa mai tsanani ciwon jiki kawai suka kawo wa likita. Ga kaso mafi girma na mutanenmu an samu ke nan. Suna cikin asibiti, suna kan benci, suna biyan kuɗin kati. An dai rubuta su da sunan wata cuta.

Akwai waɗanda nasu ciwon ba ya ɓuya a jiki. Saurayin da ya daina magana, ko ya fara surutai, ko ya ɗauki makami a cikin gida. Wanda ya ga an yanka mahaifinsa, ya koma ƙwaya don ya samu barci. Binciken shan miyagun ƙwayoyi na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum kusan miliyan 3 a Arewa maso Yamma, tun kafin ta'asar daji ta kai inda ta kai yanzu. Iyali kan fara da abin da ke kusa: tofi, rubutu, ruƙiyya. In abin ya gagara, a ɗaure shi a ɗakin baya, ko a kai shi gidan mari. A Oktoban 2019 'yan sanda suka kai samame irin waɗannan gidaje a Daura da birnin Katsina, suka fito da mutane da sasari a ƙafa da tabon bulala a baya, makonni kaɗan bayan an ga irin haka a Rigasa ta Kaduna. An rufe gidajen, kuma daidai aka yi. Sai dai iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba don mugunta suka kai su ba, wurin kaiwa ne babu. Da aka rufe, ba a buɗe wata ƙofa a kusa da su ba. Wannan kaso na biyu ba ya cikin rajistar kowa, domin bai taɓa taka asibiti ba.

Kaso na uku shi ne mafi wuyar nema, domin sun riga mu gidan gaskiya. A nan akwai wata alama da ta kamata a tsaya a kanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2016 mutum kusan 17,700 suka kashe kansu a Najeriya. A ƙiyasin 2019 adadin ya koma kusan 7,000. Ba wani gagarumin shiri aka yi cikin shekara uku da zai rage abin da fiye da rabi ba. Abin da ya canza hanyar ƙiyasin ce, domin Najeriya ba ta da kundin da ake rubuta irin wannan mutuwa, kuma galibin mace-mace ma ba a yi musu rajista. A karkara mutum ya rasu da safe, kafin azahar an kai shi makwancinsa, ba takarda, ba likita.

Kuma iyali na da dalili biyu na yin shiru. Na farko kunya da tsoron abin da zai bi 'ya'ya mata ranar neman aure, da zullumin ko liman zai yi masa salla, duk da cewa mafi yawan malaman fiƙihu sun tafi a kan ana sallatar Musulmin da ya mutu ta haka, kuma wanda hankalinsa ya gushe ba a kama shi da abin da ya aikata. Na biyu doka. Sashe na 231 na Final Kod, kundin hukunta laifuka na Arewa, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda, ko tara, ko duka biyu, ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa ya rayu. Sashe na 327 na kundin Kudu ma haka. Uban da ya tarar da ɗansa a wannan hali ya san in ya faɗi gaskiya a asibiti yana iya jawo ɗan sanda. Sai ya ce kuskure ne. Wanda bai rayu ba, a ce gajeriyar rashin lafiya ce, ajali ya yi. Ghana ta cire wannan daga jerin laifuka a 2023. A Oktoban 2024 ma'aikatar lafiya ta tarayya, ƙarƙashin Farfesa Muhammad Ali Pate, ta kafa kwamitin da zai yi aikin cire shi a nan.

Mutanen dai sun samu: wasu a benci da sunan taifot, wasu a ɗakin baya, wasu a maƙabarta da sunan ajali. Saura kuɗin. Ko da ba a ƙirga su daidai ba, ai gwamnati na ware wani abu domin lafiyar ƙwaƙwalwa kowace shekara. Ina yake tsayawa?

Wanda ake fara nunawa da yatsa shi ne tsaro. Gaskiya ne tsaro na cin kuɗi. A Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha da matasa kusan 1,500, da motoci masu sulke da ɗaruruwan babura. Ni ba zan ce a rage ko kwabo daga nan ba, domin babu maganin firgici da ya kai mutum ya kwana a ɗakinsa ba tare da jin harbi ba. Haka yunwa na da nata haƙƙin: ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 ne tamowa ta kashe a cibiyoyinta na Katsina cikin wata shidan farko na 2025. Amma tun kafin ɓarayin daji su bayyana, a shekarun da ake bin hanyar Funtuwa zuwa Gusau da tsakar dare, mai taɓin hankali a Faskari ba shi da wurin zuwa a kusa. Tsaro ya tarar da giɓin ne, ba shi ya haƙa shi ba.

Sai a ce ko rashin doka ne. Nan ma ba a rasa takardu ba. Tun 1991 Najeriya ta ayyana lafiyar ƙwaƙwalwa a matsayin rukuni na tara na kiwon lafiya matakin farko, a zamanin minista Olikoye Ransome-Kuti. Ma'anarsa, ya kamata a samu wannan kulawa a asibitin sha-ka-tafi na ƙauye kamar yadda ake samun rigakafi da awon ciki. A Janairun 2023 aka sanar da cewa Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan jihar nan, ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin dokar 1958 mai asali tun 1916, ta kuma tanadi sashe na musamman a ma'aikatar lafiya da asusun kuɗi na musamman. A ƙarshen 2023 aka ƙaddamar da tsarin ƙasa na rage kisan kai, mai wa'adi zuwa 2030.

Tun da ba doka ba ce, sai a bi sawun naira. A Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alƙawarin ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu. Kason lafiya a kasafin tarayyar Najeriya ya daɗe yana yawo a kusa da kashi 5. Wani rahoto da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tare da ma'aikatar lafiya a 2006 ya nuna cewa kashi 3.3 cikin 100 na kuɗin lafiyar ne ke zuwa ɓangaren ƙwaƙwalwa, kuma fiye da kashi 90 na wannan ɗan abin yana tafiya ne ga manyan asibitocin ƙwaƙwalwa. A kan wannan rabo, cikin kowace naira 1,000 da tarayya ta kashe, lafiya na samun 50, ƙwaƙwalwa na samun naira ɗaya da kwabo 65, abin da ke fita daga katangar manyan asibitoci kuwa bai kai kwabo 20 ba.

Ina manyan asibitocin suke? Shekara da shekaru guda takwas ne: Aro a Abeokuta, Yaba a Legas, Benin, Kalaba, Inugu, Barnawa a Kaduna, Maiduguri, da Kware a Sakkwato. Daga baya aka ƙara na Dawanau a Kano da wani a Jihar Kwara. Katsina ba ta da ko ɗaya a cikinsu. Mutumin Ruwan Godiya ko Dungun Mu'azu da ke neman likitan ƙwaƙwalwa sai ya kama hanyar birnin Katsina, ko Shika a Zariya, ko Kaduna, tafiyar sa'o'i a kan hanyoyin da ake tare mutane, da kuɗin motar mutum uku, domin mara lafiyar ba ya zuwa shi kaɗai. Kuma ba zuwa ɗaya ba ne, ciwon na son a dawo wata-wata. Likitocin ma, ƙungiyarsu ta sha faɗin cewa ba su kai 300 ba a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, kuma suna ta ficewa Ingila da Saudiyya da Kanada.

Wannan fasali gado ne. Turawan mulkin mallaka sun buɗe gidajen tsare mahaukata a Kalaba da Yaba a farkon ƙarni na 20 domin a kawar da su daga titi, ba domin a warkar da su ba. Ginin ya samu layi a kasafi, layin ya samu ma'aikata da albashi, kowace shekara kuma ana ɗora sabon kasafi a kan na bara. Ba laifin asibitocin ba ne, aikin da suke yi ya fi ƙarfin kuɗin da ake ba su. Amma kuɗin na bin gini, mara lafiya kuwa yana can garin Ketare. Ga kuma rabon aiki: manyan asibitoci na tarayya ne, janar-janar na jiha, ƙanana na ƙaramar hukuma da hukumar lafiya matakin farko ta jiha. Dokar da aka sa wa hannu a Abuja ba ta sa kwabo a asibitin Yankara sai jiha ta rungume ta, ta yi mata layi a nata kasafin.

Kuɗin masu ba da agaji ma ya bi wata hanyar. A Borno da Yobe da Adamawa akwai shirin jinƙai na Majalisar Ɗinkin Duniya, inda ma'aikatan asibitin ƙwaƙwalwa na Maiduguri suka riƙa fita sansanoni da ƙananan asibitoci da tallafin Hukumar Lafiya. Arewa maso Yamma ta daɗe a wajen wannan shiri, abin da MSF ta sha kuka a kansa. Marayan Bama da marayan Kadisau abu ɗaya suka gani, amma ɗaya ne ke cikin taswirar agaji.

A nan ne zaren ya haɗu. Jami'in kasafi ba ya ware kuɗi sai an kawo masa adadi. Adadi daga rajistar asibiti yake fitowa. Rajista kuwa abin da malamin asibiti ya gane shi yake rubutawa. Ba ya gane ciwon damuwa domin ba a horar da shi sosai a kai ba, kuma in ma ya gane ba shi da maganin a kabad. Ba a horar da shi ba domin ba a ware kuɗi ba. Ba a ware ba domin babu adadi. Kamar mai kanti ne da ke saro kaya bisa abin da littafinsa ya nuna ya sayar: kayan da bai taɓa ajiyewa ba ba za su taɓa fitowa a littafin ba, ko da mutum goma sun tambaya kullum sun juya. Shan-inna da zazzaɓin cizon sauro da tamowa suna samun kuɗi domin akwai mai ƙirga su gida-gida, da ma'auni a hannu. Wannan ciwon kuwa kunya ta rufe rabinsa, sashe na 231 ya rufe wani, sauran ya shige cikin sunan taifot. Ba sai an saci kuɗin ba kafin ya kasa isowa. Ba a taɓa nufo nan da shi ba.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne an taɓa warware irin wannan ƙulli, kuma a ƙasar nan. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara sauke marasa lafiya a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da Aro, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, yana aiki tare da masu maganin gargajiya, har duniya ta zo koyo. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP, wanda ke koya wa ma'aikacin ƙaramin asibiti cikin 'yan kwanaki yadda zai gane ciwon damuwa da farfaɗiya da taɓin hankali da alamun mai shirin halaka kansa, ya yi maganin abin da zai iya, ya tura sauran gaba. Farfesa Oye Gureje na Ibadan da abokan aikinsa sun daidaita shi da Najeriya sun gwada. Jihar Binuwai ta bi irin wannan hanya tun 2011, da nas-nas na ƙwaƙwalwa a ƙananan hukumomi. Magungunan da ake buƙata suna cikin jerin muhimman magunguna na ƙasa, wasu tun shekarun 1950 da 1960 ake amfani da su, kuma ba su da tsada.

A ɓangaren kisan kai, abu mafi arha da aka tabbatar yana aiki ya shafi manoma kai tsaye. Sri Lanka ta hana shigo da wasu magungunan feshi masu tsananin guba, sai kisan kai ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015, aka ƙiyasta an ceci rai 93,000, amfanin gona kuma bai ragu ba. Dalili shi ne yunƙurin kan zo ne cikin ɗan lokaci na ƙunci, in abin bai kusa da hannu sai lokacin ya wuce. A ƙasar masara da auduga da waken suya, inda kowane gida ke da kwalbar feshi a lungu, wannan aikin malaman gona ne da dillalai da masu unguwa. Hukumar NAFDAC ta fara taƙaita sayar da ƙananan kwalaben maganin feshi a 2019, saura bibiya a kasuwannin ƙauye. Layin waya na neman taimako yana da amfani, amma kada a dogara da shi a yankin da aka taɓa katse wa sadarwa daga Satumba zuwa Disambar 2021. Mutum na kusa ya fi. In ɗan'uwa ya fara cewa ya gaji da duniya, ko yana rarraba kayansa yana neman gafara ba dalili, a tambaye shi kai tsaye, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da duk abin cutarwa, a kai shi asibiti. Tambayar ba ta sa masa tunanin, sauƙi take kawo masa.

Saboda haka in aka tambaye ni me za a fara sa wa kuɗi, ba zan ce katafaren asibitin ƙwaƙwalwa a birnin Katsina ba, ko da yake ranarsa za ta zo. Gwamnatin jiha ta riga ta ɗauki aniyar samar da ingantaccen ƙaramin asibiti a kowace mazaɓa cikin 361. Dokar lafiya ta 2014 kuma ta tanadi aƙalla kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya matakin farko, wanda tun 2018 ake sa shi a kasafi, wani kaso nasa na shiga asusun ƙananan asibitoci kai tsaye. Gini da hanyar kuɗi duk akwai. Mazaɓun Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa talatin ne da 'yan kai. Ma'aikata biyu a kowace, mace da namiji, domin matar da aka tsare a daji ba za ta buɗe wa namiji cikinta ba, ba su kai mutum 70 ba. A horar da su, a sa magani a kabad, a ba nas na ƙwaƙwalwa mota da alawus ya riƙa zagayo ranar kasuwa yana duba masu tsanani yana gyara wa ma'aikatan hannu. A zauna da limamai da masu ruƙiyya, tun da gare su ake fara zuwa, a nuna musu wanda ya kamata su turo. Duk wanda aka sako daga hannun masu garkuwa a rubuta sunansa, a duba shi bayan wata ɗaya, da uku, da shida, ba ranar da aka ɗauki hoto da shi kaɗai ba. Majalisar Dokokin jiha kuma ta yi nata: ta kafa dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta jiha da layinta a kasafi, ta tabbatar babu hukunci a kan wanda ya yi yunƙuri ya rayu, tun da hukunta laifuka a jiha huruminta ne.

Bayan wata 12 rajistar Ketare da ta Daudawa da ta Damari za su ba da adadi na gaskiya, wanda aka ƙirga mutum-mutum, kuma da shi kwamishinan lafiya zai shiga zauren kare kasafin shekara mai zuwa.